Ranar da Jaji Ya Cusa Hula a Baki

Duk wanda ya yi noman rani tsakanin Kura da Bunkure a shekarun nan na tamanin da wani abu, in bai san fuskar Jaji ba, to ya san muryarsa. Ɗan guntun mutum ne, siriri, in ka gan shi a kasuwa yana taya albasa ba za ka yi masa kallo na biyu ba. Amma bari ya buɗe baki. Sau ɗaya tak aka taɓa ba shi ladanci a ƙauyensu, Tudun Maharazu, mutanen ƙauye uku suka tashi alwala, washegari ladanan maƙwabta suka aiko da ƙorafi. Matarsa Saude kuwa cewa take shekara ashirin da aurensu, bai taɓa gaya mata sirrin da maƙwabta ba su ji shi tare da ita ba.

Muryar nan ba gado ba ce, sana'a ce ta ba shi. Yana ɗan shekara bakwai dagaci ya sa sunansa cikin yaran da za a kai elementare a Kura. Kwana tara ya yi. Ran na goma dawa ta fitar da kai, babansa ya je har bakin aji ya kamo hannunsa, ya kai shi gona korar tsuntsu. Daga nan bai sake komawa ba. Abin da ya tsira da shi baƙi biyu ne, da sanin cewa in malami ya shigo ana miƙewa tsaye. In ana hira a dandali yakan bugi ƙirji ya ce, "Ni ma fa na yi boko, kwana tara cur," a yi ta dariya har da shi. Amma abin yana ci masa rai, Saude ta sani.

Da aka kawo ruwan dam ɗin Tiga aka yanka kanal, ƙasar ta koma noma rani da damina. Jaji ya sami eka ɗaya da rabi a bakin wata ƙaramar magudanar ruwa, ga tsamiya babba a kusurwar gonar. Mutane suka ji daɗi, tsuntsaye suka fi su jin daɗi, don da sau ɗaya suke cin banza a shekara, yanzu sau biyu. Jan-baki nake nufi, 'yan mitsi-mitsin nan da ke zuwa dubu-dubu. Safe da yamma suke sauka, da rana tsaka in zafi ya yi sai su tafi hutu kamar ma'aikatan gwamnati. Maganinsu ɗaya ne tun zamanin kakanni: a tsayar da yaro a gona, a ba shi igiya mai gwangwanaye, ya yi ta ja yana ihu.

Makarantar boko akwai ta a ƙauyen, in dai bango huɗu makaranta ne. An gina aji biyu lokacin da aka ce kowane yaro sai ya yi firamare, iska ta yaye kwanon, malamai suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, awaki suka gaje wurin.

A farkon 1986 sai ga wata tsohuwar Fijo ta shigo ƙauyen tana tari. Wadda ta fito daga ciki Hajiya Rekiya ce, tsohuwar shugabar makaranta daga birni, mai tabarau da jaka baƙa. Ita da wasu tsofaffin malamai da suka yi ritaya ne suka kafa ƙungiyar sa-kai da suka kira Fitilar Karkara, suna bin ƙauyuka da unguwannin bayan gari inda karatun yara ya mutu. Mace ce da ba ta san kwana-kwana ba. A ƙofar gidan mai unguwa ta tsaya ta ce, "Za mu ba ku malami da allo da littattafai, shekara biyu. In ta cika zan zo da kaina in yi wa yaran jarrabawa. Ashirin suka ci, mu sa wa aji rufi, malami ya zauna. Ba su kai ba, in kwashe kayana in kai wa masu so."

Ta ce a zaɓi shugaban iyaye. Ba a ɓata lokaci ba aka nuna Jaji, don kowa ya ga an huta da neman ƙararrawa da mai shela. Shi kuwa ya ɗauki abin da gaske har ya ba mutane tsoro. A ranar ya sayi sabuwar hula.

Malamin da aka turo, Malam Iliyasu, saurayi ne da ya gama kwalejin horon malamai bai sami aiki ba. Kullum a keke yake zuwa daga Kura. Yana da ilimi, yana da haƙuri, sai dai muryarsa in ya ce "ku yi shiru" sai ka rantse roƙo yake. Duk da haka abu ya kankama. Yara arba'in da ɗaya, da safe su yi makarantar allo, hantsi su zo boko. A cikinsu har da Kubra, autar Jaji, yarinya mai kai, wadda cikin wata uku ta fara karanta masa rubutun jikin buhun taki.

Sai ga shi gwamnati ta hana shigo da alkama daga waje. Kowa ya zuba alkama, har wanda bai taɓa cin burodi ba. Da ta fitar da kai, ƙwayar tana da ruwa-ruwa, jan-baki suka ji labari. Wata Litinin Malam Iliyasu ya jingine kekensa ya tarar da yara uku a aji, ɗaya ma ciwon ƙafa ne ya hana a tura shi gona.

Jaji ya shiga gida yana faɗa, wai mutanen garin nan ba su san ciwon kansu ba. Saude tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Shugaban iyaye, ina taka 'yar?"

Shi da kansa ya ce wa Kubra da asuba ta ɗan tsaya masa a gona kafin ya dawo daga rabon ruwa.

"Na yau ne kawai," in ji shi.

"Haka babanka ya ce. Kai kwana tara aka ɗibar maka, Malam. Ita nawa ka ɗibar mata?"

Maganar ta soke shi ƙwarai. Ya fita ko ruwa bai sha ba, ya shiga bin gida-gida. Kowa ya ba shi tabarma, kowa ya ce gaskiya ya faɗa, ba wanda ya ce zai saki yaronsa. Da ya zo kan maƙwabcinsa Hammadu, mutum mai 'ya'ya shida da baki kamar reza, sai Hammadu ya ce, "Jaji, ni ba na gaba da boko. Ka kawo mini shi ya tsaya a gonata ya kori tsuntsu, in ba ka yaran duka shida har da uwarsu."

Gatse ya yi masa. Jaji kuwa ya tsaya, ya karkace hula, ya ce, "Ka faɗa a gaban shaidu."

Washegari aka ga babban allon makaranta a kan jaki, Jaji na gaba, Malam Iliyasu na biye yana tura keke kamar wanda za a kai kotu. Aka jingine allo a gindin tsamiyar gonar Jaji. Kowane yaro yana tsaye a kan kunyar gonar ubansa da igiyar gwangwaninsa a hannu, wani kusa, wani can nesa sai dai ka hango rigarsa. Malam Iliyasu ya ce, "Baba Jaji, ai ba za su ji ni ba."

"Kai dai faɗa mini a kunne."

Malam ya raɗa masa. Jaji ya cika ƙirji ya saki: "Biyu sau ɗaya!" Daga gabas da yamma da kudu yara arba'in suka amsa, "Biyu!" suna jan gwangwani. Tsuntsayen da ke shirin sauka suka watse kamar an harba bindiga. Wani mai babur da ke wucewa ta kan kanal saura kaɗan ya faɗa ruwa.

Haka tsarin ya zauna. Safe da yamma, lokacin tsuntsu, karatun baki ne, Malam na raɗawa, Jaji na watsawa, gonaki na amsawa. Rana tsaka, in jan-baki sun tafi hutunsu, yara su taru a inuwar tsamiya a yi rubutu. Da shinkafar damina ta zo aka maimaita. Yaran da ba a taɓa rubuta sunansu ba ma suka shiga, don ba yadda za a yi kana tsaye a gona muryar Jaji ba ta same ka ba.

Mako biyu da fara tsarin Hammadu ya zo fuska a murtuke. Ya ce, "Malam, ka canza karatu. Tsuntsayen nan sun haddace sau biyu. Jiya ina kallo, ana biyu sau shida suna cin abinsu, ko ɗago kai ba su yi ba."

Gaskiya ya faɗa, tsuntsu in ya saba da ƙara ɗaya ya daina tsoronta. Malam Iliyasu ya ce ai yaran ba su gama ƙwarewa ba. Manoma suka ce su ƙware da sauri. Mutanen da da ba su san ajin da 'ya'yansu suke ba, yanzu su ne ke tare malami a hanya suna tambaya yaushe za a shiga sau huɗu. Aka gano sau bakwai ya fi kowanne korar tsuntsu, saboda yara ba sa haɗa baki a kansa, wannan ya ce arba'in da biyu, wancan ya ce arba'in da tara, a kaure da musu daga gona zuwa gona. Da lissafi ya ƙare aka shiga jihohi da manyan biranensu. Da aka ƙara jihohi biyu a ƙasar, ba wanda ya kai manoman Tudun Maharazu murna. Daga baya Hammadu ya kawo shawarar a koma Turanci, wai wannan ko shekara za a yi tsuntsu ba zai gane ba.

Shi kuwa Jaji, duk abin da ya bi ta maƙogwaronsa sai ya bar saura. Saude ta sha kama shi yana zana baƙaƙe da tsinke a tsakar gida, in ya ji motsinta ya share da ƙafa.

Shekara biyu ta cika a watan Fabrairun 1988, daidai alkama ta sake fitar da kai. Ta Jaji ba ta taɓa kyau irin na bana ba, har masu wucewa suna tsayawa su ce ma sha Allah. Ya sa Malam Iliyasu ya rubuta wa Hajiya takarda, ya nanata a rubuta sau biyu: don Allah ta zo da rana tsaka. Ta aiko cewa ta ji.

Ranar ta zo. Tun hantsi yara suka yi wanka suka zauna a gindin tsamiya. Azahar ta yi, shiru. Ashe motocin tumatir ne suka cushe hanya, Fijo kuma ta yi zafi ta mutu a tsakiyarsu. Sai bayan la'asar ta iso. Hajiya ta wuce kai tsaye ajin makaranta, ta tarar da shi shimfiɗe da yankakken tumatir ɗin Hammadu yana shan rana, tun da ba rufi. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ce, "Waɗannan ne ɗaliban?"

Da kyar aka lallashe ta zuwa gona. Ta ga allo, ta ga yara a jere kowa da fensir, ta ɗan sauko. Jaji ya dubi rana, ya ga lokacin tsuntsu ya gabato. Ya matso ya rusuna ya ce, "Ranki ya daɗe, da za a bari sai gobe da rana."

A ganinsa a hankali ya yi maganar. Hajiya ta ja da baya tana dafe kunne. Ta ce, "Gobe ina wani ƙauyen, jibi kwamiti zai zauna. Yau ne ko babu. Kuma ku saurara. A wani gari da na je, iyaye da tari suke ba 'ya'yansu amsa, tari ɗaya amsa ta farko, tari biyu ta biyu. Saboda haka awa ɗaya, ba magana, ba tari, ba ɗaga hannu. Kada babba ya ƙetaro waccan magudanar. Yaron da ya tashi ya tashi ke nan. In na ji muryar babba, na tattara takarduna." Ta nuna Jaji. "Kai shugaba, nan kusa da ni za ka zauna ka zama shaida. Da wannan murya taka, in na bar ka a baya har yaran Bunkure za ka ba amsa."

Sauran manoma suka ƙetare magudana, kowa ya nufi gonarsa, tun da yau ba yara. Gona ɗaya ce ta faɗo cikin iyakar da Hajiya ta shata, ita ce ta Jaji.

Aka raba takardu. Minti goma ba a yi ba sai ga jan-baki daga yamma, baƙi ƙirin kamar hayaƙin ƙona tayoyi. Suka nufi gonar Hammadu, ya cire riga yana kaɗawa ba ƙara, suka tashi. Suka gwada ta gaba, aka jefe su da hoge. Haka aka yi ta miƙa su daga hannu zuwa hannu, ba da mugunta ba, kowa tasa yake karewa, har suka iso inda ba mai kaɗa riga. Suka zuba a kan alkamar Jaji gaba ɗaya, zangarniya ta sunkuya.

Wurin ya yi tsit, sai ƙarar cinsu kake ji, cak-cak-cak, kamar ana yayyafi a kan kwano. Kawunan yara suka ɗago. Waɗannan fa yara ne da tun suna rarrafe aka koya musu in tsuntsu ya sauka a tashi. Duk suka zuba wa Jaji ido, jira kawai suke ya ce "haa". Shi ma ya sani. Ihu ɗaya zai tayar da tsuntsayen nan, kuma ihun nan ɗaya zai tayar da yara arba'in su bar takardunsu, Hajiya ta zuge jakarta.

Ihun ya taso masa tun daga ciki. Shekara arba'in yana yin sa, bai taɓa neman izininsa ba kafin ya fito. Ya ji ya iso maƙogwaro. Sai ya cire hular nan tasa ta shugabanci ya dunƙule ya cusa a baki, ya danne da hannu biyu.

Hajiya Rekiya, 'yar birni, ta ɗago ta dubi gonar ta yi murmushi. Ta raɗa wa Malam Iliyasu, "Kai, tsuntsayen nan gwanin ban sha'awa." Malam ya juya baya yana kallon tsamiya.

Kubra tana layin gaba. Ta ajiye fensir, ta dafa ƙasa, gwiwarta ɗaya ta riga ta tashi. Ta san abin da ke cikin gonar nan, tuwonsu ne na shekara da kayan sallarsu. Ta dubi babanta. An hana shi ɗaga hannu, an hana shi magana, ga hula a baki, idanu sun yi jawur. Abin da ya iya kawai, ya kawar da kansa daga gonar ya kafa ido a kan takardarta, bai ɗauke ba. Yarinyar ta daɗe a haka. Sannan ta koma ta zauna, ta ɗauki fensir, tana rubutu tana share hanci da gefen mayafi. Da sauran suka ga 'yar mai gona ta zauna, suka sunkuyar da kai su ma.

Ban san awar da ta kai wannan tsawo ba a ƙasar Kura. Da Hajiya ta dubi agogo ta ce, "Ku ajiye fensir," Jaji ya zare hula ya saki abin da ya tara. Tabaran Hajiya suka faɗo kan cinyarta. Direbanta da ke barci a mota ya farka ya tayar da Fijo bai san inda za shi ba. Tsuntsaye suka tashi da kyar, sun yi nauyi. Yara suka ruga cikin gonar, amma ba sauran abin kora. In ban da gefen da ke kusa da tsamiya, duk zangarniyar ta zama fanko.

Sai a lokacin Hajiya ta gane abin da ta yi wa sha'awa. Ta shiga gonar da takalminta mai tsini, ta murza zangarniya ɗaya a tafin hannu, ta hura, ba ko ƙwaya. Ta ce, "Bawan Allah, me ya hana ka gaya mini?"

"Kin ce in kika ji muryar babba, ranki ya daɗe."

Ta zauna a kan tabarma ta duba takardun nan a take, da jan biro, kowa na tsaye a kanta. Ba ta yi wa kowa alfarma ba, ba halinta ba ne. Ashirin da bakwai suka ci, huɗu a ciki 'ya'yan Hammadu ne, ya kuwa bi mutane yana cewa dama shi ya kawo shawarar tun farko. Hajiya ta ce a kwashe tumatir daga aji kafin Juma'a, mai aikin rufi na zuwa.

An sa rufin. Malam Iliyasu ya zauna har ya yi aure a garin. Da aka yi girbi, maƙwabta suka yi ta aiko wa Saude da alkama a kwano, ba wanda ya ce ga dalili. Ba ta kai abin da aka rasa ba, shekarar sun sha wuya, har akuyar Saude sai da ta tafi kasuwa.

Amma a yammacin ranar, da mutane suka watse, Jaji ya tsaya shi kaɗai a bakin gonar da jiƙaƙƙiyar hula a hannu. Kubra ta zo ta tsaya a gefensa. Ta ce, "Baba, ka ji haushina da ban tashi ba?"

Saude tana tahowa da kwanon abincin baƙi, Hammadu yana ɗaure jaki taku goma daga wurin. Dukansu sun ga Jaji ya durƙusa daidai kunnen yarinyar, sun ga bakinsa yana motsi, sun ga ta rungume wuyansa. Ba wanda ya ji ko kalma ɗaya. Saude ta yi shekaru tana tambayarsa, ta tambayi Kubra har bayan ta zama malama a ajin nan mai rufi, kowannensu sai dai ya yi dariya. Ta ce ita abin da ya fi ba ta haushi, ashe mutumin nan ya iya raɗa.